Surukai Biyu a Tebur Ɗaya

Alhaji Sabi'u ya kira ni ɗan aike a gaban jama'a, ranar da aka buɗe kamfaninsa na tace riɗi a kan hanyar Mai'adua. Wani baƙo daga Kano ne ya nuna ni ya ce wane ne wancan da kowa ke miƙa wa hannu. Alhaji bai ko sauke lasifikar daga bakinsa ba ya ce, "A'a, Iro ne, ɗan aikenmu. Shi muke turawa ya gaishe mana da tsofaffi." Aka kwashe da dariya, har da masu tafi. Ina tsaye da farantin shinkafa a hannuna, a ƙofar kamfanin da ni na nemo masa duk wani mai hankalin da ya tsaya a bayansa. Ba a jima ba ya turo direbansa ya ce an gode, daga yanzu shi zai riƙa ganin mutanensa da kansa.

Na fara da wannan ne saboda ku samarin da kuke zuwa rumfata a bakin tasha kuna cewa in koya maku, ku ma abin da ke cikinku ke nan. Kun ga ina hawa babur ina zuwa gaisuwa, kun ce ai wannan ko makaho ya iya. To ku zauna ku ji.

Sana'ata ba ta da suna a takarda. Mutum zai buɗe sabon kamfani, ɗan ƙarami, ya samu jari, ya sayo inji, ya buga allo, amma ba shi da wanda zai ce masa kar ka taka nan. Ni nake nemo masa su, in shawo kansu su yarda, in kuma riƙe su kar su gudu. 'Yan boko na ce masu masu ba da shawara. Ni dattawan kamfani nake kiransu, ko da wani a cikinsu bai kai ni shekaru ba.

Ban gama sakandare ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Makarantata Baba Na'iya ne, dillalin shanu a kasuwar Mai'adua, Allah ya jiƙansa. Bai koya min shanu ba, har yau in ka buɗe min bakin sa ban san me zan duba ba. Magana ya koya min ɗauka. Mai saniya yana can ƙarƙashin bishiya, mai saye yana nan jingine da mota, ni ne a tsakani ina gudu. Wata rana mai saye ya yi tayi, na kai, Bafulatanin ya ce in je in gaya masa ko akuyar ubansa ba za ta sayu a haka ba. Ni kuwa na je na faɗa tiryan-tiryan. Ciniki ya watse, har aka ɗaga sanda. Baba Na'iya ya ja ni bayan rumfa ya murɗe min kunne. "Kai jaki ne? Yadda aka ɗora maka haka za ka kai? Cewa za ka yi, ya ce ka ɗan motsa, Alhaji, saniyar ta gida ce." Duk abin da na ci a rayuwata daga murɗin kunnen nan ya fito.

Kayan aiki ba su da yawa. Babur mai lafiya, don dattijon kirki ba a bakin kwalta yake zaune ba. Tabarma naɗe a baya, don ka shimfiɗa abarka ƙasa da inda yake, kar a shiga gida neman kujera a ɗora ka sama da shi. Goro a jiƙaƙƙen algarara. Riga wankakkiya a leda, ka tsaya a bayan gari ka sauya, ka wanke ƙafa da butarka. Waya kuma aikinta ɗaya, ka ji ko yana gida. Wanda ya nemi shawarar dattijo ta waya, gaisuwa zai samu da addu'a, ya kashe wayar yana murna bai san ba a ba shi komai ba.

Akwai wani yaro Nura da ya zo min zai buɗe kamfanin kindirmo na roba, ya riƙa karɓar madara daga rugage. Ya zo da sunayen manyan mutane a bakinsa, wai in sa su yarda a buga hotonsu a allo. Na ce da shi in madararka ta tsinke da azahar, wanne ne a cikinsu zai taso? Na kai shi wajen wata tsohuwa mai tallan nono wadda ta san kowace ruga da halin kowace mai tatsa, na kai shi wajen mai gyaran firji, sannan na kai shi wajen wani mutum da ya taɓa irin wannan harka a Katsina ya karye. Nura ya ɓata rai, wai me karyayye zai koya masa. Na ce shi kaɗai ya san inda ramin yake, da ƙafarsa ya auna. Yau robar Nura har Kongolam ta bakin boda ake sha.

Ku kiyayi wanda ya amsa maku tun a zaman farko, wannan zaman banza ne ya ishe shi. Ku kiyayi mai 'ya'ya birjik a gida ba aikin yi, shawararsa ta farko a ɗauki Sani, ta biyu a ɗauki ƙanen Sani. Ku kiyayi wanda ba ya rasa majalisa, gobe sirrin kamfani yana bakin mai shayi. Kuma ba a zuwa a ce wa mutum, muna so ka zama mai ba mu shawara. Zai ce wane ni. Abin da ya lalace ake ɗauka a kai masa, a ajiye a gabansa, a ce Baba dubi abin da ya same mu. Ba dattijon da zai ga ɓarna a fannin da ya sani ya iya yin shiru. In ya faɗa, a je a gwada, sannan a koma a gaya masa yadda ta kaya, ko ta yi ko ba ta yi ba. Komawar nan ita ce ɗaurin. Wanda aka koma wa da labari ya zama naka, ko bai ce ya yarda ba.

Aikin Alhaji Sabi'u shi ne mafi kyau da na taɓa haɗawa. Ɗan kasuwa ne, taki da siminti ya sani, riɗi kuwa sai a kantu. Ya ji ana samu, ya sayo inji mai raba riɗi da ƙasa da tsakuwa, zai riƙa kai wa masu fitarwa waje a kasuwar Dawanau ta Kano. Mutum biyu na nemo masa waɗanda harkar ta tsaya a kansu. Na farko Alhaji Mamman na Baure, tsohon ɗan hatsi, wanda ya san kowane ƙauye, ya san manomin da ke zuba yashi a gindin buhu, ya san lokacin da farashi zai karye tun ana shuka. In ya ce a ba wane kaya, ana bayarwa. Na biyu Malam Haladu na Mashi, wanda ya daɗe yana tsaron sito a wajen masu fitar da kaya. Shi in ya tsoma hannu a buhu zai gaya maka ko zai kai damina.

To Malam Haladu shi ke auren 'yar farin Alhaji Mamman. Surukai ne. Tsohon ko sunansa ba ya kamawa, mutumin Mashi yake cewa. Shi kuwa Haladu in ya hango tsohon, tun daga nesa yake cire takalmi.

Kuma ba su cika yin daidai ba. Tsohon a rumbun ƙasa ya saba ajiyar gero da wake, hannunsa a buɗe yake, in kaya sun yi araha cewa yake a kwashe. Haladu mai tsoro ne, kuma tsoronsa na da dalili, riɗi mai ne a cikinsa, ba gero ba ne. Don haka ban taɓa bari sun haɗu a kan maganar kamfani ba. Sai in je Baure in ji ta tsohon. In ratso Daura in wuce Mashi, in faɗa wa Haladu kamar ni na yi tunanin. Ya ce a'a, kaza da kaza. In sake hawa babur in koma Baure, in shimfiɗa tabarmata, in sosa ƙeya in ce, "Baba, ni da ban san komai ba, wani abu ne ya hana ni sukuni. Riɗin farkon kaka ɗin nan, anya ya gama bushewa kuwa?" Sai tsohon ya murza goro, can ya ce, "Kai Iro, wani lokacin kanka na ja. A shanya shi tukuna." Shawara ta fito daga bakin babba, ba wanda aka ƙaryata, ba wanda ya ji kunya. Haka muka yi kakar farko a wata rumfar haya, kaya suka tafi Dawanau ba a dawo da ko buhu ba. Da ribar Alhaji Sabi'u ya gina sito, ya yi bikin da ya kira ni ɗan aike.

Da ya kore ni, sai ya yi abin da ya gani a wani otal a Kano. Ya sayo dogon tebur da kujeru masu juyawa, ya aika mota aka kwaso masa dattawan duka rana ɗaya, aka jera lemo da ruwan roba. Ya san surukai ne, wa bai sani ba? Cewa ya yi ai gara haka, 'yan gida ɗaya ne, sun fi sakewa. Bahaushe ɗan Bahaushe, haifaffen Daura, tebur ya mantar da shi gidansu.

Ba na wurin. Malam Haladu ne ya ba ni labari daga baya a zaurensa. Ya ce da ya shiga ya ga tsohon a kan kujera, sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa a bakin ƙofa. Aka yi aka yi ya hau kujera ya ƙi, da ƙyar ya ɗosana a ta ƙarshe. Lemonsa ko buɗewa bai yi ba. Alhaji Sabi'u ya kawo magana, ga sabon sito, ga riɗi ya fara shigowa da araha, me za a yi? Tsohon ya ce a kwashe, a cika sito har rufi. Sauran suka ce madalla, wa zai yi magana bayan mai furfura? Alhaji Sabi'u ya juyo ya ce, "Malam Haladu, ko kana da abin cewa?" Haladu kansa a ƙasa ya ce, "Abin da Baba ya faɗa shi ne."

Na ce, "Malam, ka san simintin sabo ne, ka san rufin kwano ne ba taga, ka san riɗin ɗanye ne."

Ya ce, "Na sani mana."

"To me ya hana ka bi Alhaji Sabi'u daga baya ka gaya masa?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Iro, in kwashi ƙafata in je in warware maganar da uban matata ya yi a gaban mutane? Da Alhaji Sabi'u ya zo nan ya zauna inda kake, ya tambaye ni, da na san yadda zan yi. Bai zo ba. Na jira shi har na gaji."

Buhunan suka kwanta a kan ɗanyen siminti, ba katako a ƙasa, kwano na zufa a sama. Da aka buɗe don lodi, na ƙasa sun dunƙule sun yi fumfuna, na sama sun yi ɗaci, warin ya kai bakin titi. Dawanau suka dawo da mota yadda ta je. Masu kiwon kaji ma sai da suka yi yanga kafin su ɗauka.

Kar ku ɗauka na ji daɗi na ci riba. Shekarar ce mafi muni a sana'ata. An rufe boda, harkoki sun tsaya, ba mai buɗe sabon abu. Wanda ma zai buɗe, maganar lasifika ta riga ni zuwa, ɗan aike ne, me za a ba shi la'ada a kai? Babur ɗin da nake zuwa gaban manya da shi, shi na koma ina ɗaukar buhun gawayi da awaki tsakanin Daura da Mai'adua. Mafi muni, Alhaji Mamman ya rufe ƙofarsa. Ya ce ya jefa mutum a rami, ya daina ba kowa shawara har ya mutu. Haladu kuma ya ce in Baba ya bari, shi wane ne da zai ci gaba. Mutum biyun da sunana ya tsaya a kansu, tebur ɗaya ya cinye min su.

Ana haka Hajiya Zulai ta aiko a kira ni. Bazawara ce mai sayar da atamfa a cikin gari, ta sayar da filinta ta sayi ƙaramin injin tacewa na hannu, ta kama wani tsohon shago. Ba ta yi min kwana-kwana ba. Ta ce, "Malam Iro, an ce kai ɗan aike ne. Ni aiken nake so. Ka kawo min tsohon Baure da mutumin Mashi. In ba su, manoma ba za su ba mace kaya ba, in tattara in koma kan atamfata." Na ce Hajiya an gama. Na fito ban san ta inda zan fara ba. Abin da na sani, in na kasa wannan, gawayi zan ɗauka har tsufa.

Na yi ta zuwa Baure. Ban kai maganar riɗi ba. In shimfiɗa tabarma, in ajiye goro, mu yi zancen ruwa da ciwon gwiwarsa da tsadar taki, in tashi. Man babur daga kuɗin gawayi yake fita. Ya san abin da ke kawo ni, na san ya sani. Sai wata ranar kasuwa na sayi riɗi tiya guda a hannun wani manomi da na san tsohon ba ya ƙauna, na ƙulle a leda, na je na zube a kan tabarma a gabansa. Na ce, "Baba, wata baiwar Allah ce za ta ba mai wannan kayan kuɗin kaka tun yanzu. Na ce bari in nuna maka kyansa."

Ya kau da kai. Can ya saci kallo. Can ya miƙa hannu ya ɗiba ya murza, ya hura.

"Na wane ne?"

Na faɗa masa.

"La'ilaha illallahu! Wannan ɓarawon? Wanda ke jiƙa yashi ya shanya shi da riɗi don ya kama launi? Wace marainiyar ce za ku kashe?"

Na ce Hajiya Zulai ce, filinta ta sayar.

Ya yi ta faɗa, ya lissafo ƙauyukan da za a je da waɗanda ko an ba da kyauta kar a karɓa. Sai ya tsaya cak, ya gane ya shiga. Ya jefar da riɗin ya ce, "Kai dai Iro shaiɗani ne. Na ce na daina. Ni na ce a cika siton nan."

Na ce, "Baba, ba ka yi laifi ba. An tambaye ka ne a inda ba a tambaya."

Ya yi wata 'yar dariya ya nuna ni da sandarsa. "Kai ka ɗauka ban sani ba ko? Ni da ban san komai ba, Baba, wani abu ya hana ni sukuni. Kai da ko gero da maiwa ba ka rabewa, ina ka san bushewar riɗi? Tun zuwanka na farko na ji muryar mutumin Mashi a bakinka. Ranar teburin nan na yi magana na jira a sosa ƙeya a tambaye ni, na duba ba ka. Na dubi yaron nan, kansa a ƙasa. In ce masa me, tashi ka ƙaryata ni?" Ya gyara zama. "Tashi ka je Mashi ka ɗauko min tambaya. Kuma in ka gaya masa na sani, kar ka sake taka zauren nan."

Ban tsaya sauya riga ba. Da na isa Mashi na ce wa Haladu Baba ya ce a saya daga ƙauye kaza da kaza. Bai tambaye ni yadda aka yi ba. Ya ce, "Alhamdu lillahi. To amma shagon nata, akwai katako a ƙasa?" Na juya babur.

Kakar nan na yi tsakanin Baure da Mashi har zaren tayar baya ya fito. Hajiya Zulai ba ta taɓa cewa a tara su ba. Duk lodin da ya tafi, sai ta dafa abinci kwano biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, in kai tare da labarin yadda aka karɓi kaya. Manoma suka ji tsohon Baure na bayanta, suka riƙa kawo mata kaya har ƙofa a kan amalanke. Yanzu injinta uku, mata na aiki a ƙarƙashinta, masu fitarwa su ke kiranta tun kafin kaka. Ranar da ta buɗe sabon wuri ba ta ɗauko lasifika ba. Ta sa aka kai ni gaban baƙinta ta ce, "Wannan shi ne Malam Iro. In kuna son irin abin da na samu, rumfarsa na bakin tasha." Tun ranar ban sake ɗaukar gawayi ba, ni ke zaɓen wanda zan yi wa aiki.

Wasu a cikinku suna nan ranar da motar Alhaji Sabi'u ta tsaya a gaban rumfar nan bayan la'asar. Sitonsa ya daɗe a kulle, awaki ke kwana a inuwarsa. Ya fito yana gyara babbar riga, ya miƙo hannu biyu.

"Malam Iro, ranka ya daɗe."

Na ce, "Yau kuma Malam ne? Sannu Alhaji."

Ya zauna a benci, ya yi ta zagaye, abin da ya wuce ya wuce, wasa ne ya yi ranar nan, harshe ne. Yana so ya sake tayar da inji bana. Ya je Baure an ce masa tsohon na barci, ya je Mashi an ce Malam ya fita. In taimaka in haɗa masu zama ɗaya, a fahimci juna.

Zama ɗaya. Har yau bai gane ba.

Na bari ya gama, na ajiye kofin shayina, na ce, "Alhaji, surukinka, mahaifin uwargidanka, yana da rai ko?"

Ya ce yana nan lafiya lau.

Na ce, "To ranar da ka zauna a tebur ɗaya da shi, ka buɗe lemo ka sha a gabansa, ya yi magana ka ce Baba ba haka ba ne jama'a na ji, ka zo in goya ka a babur ɗina in kai ka har zauren tsohon, ba na son ko sisinka. Kafin nan, ka ce aikin gaishe da tsofaffi ne. Ga Baure a gabas, ga Mashi a yamma, motarka da mai. Ka aiki kanka."